Dodon Koɗi a Ɗakin Amarya

Shekarun baya, tun ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba balle in san ana rubutu a waya, wani abu ya faru a gidanmu nan Illela, wanda har yau in na tuna sai in yi murmushi ni kaɗai. Jiya ne jikata ta shigo da katantanwa cike da hannu tana son in wanke mata, shi ne abin ya dawo mini sabo, na ce bari in ba ku labarin.

Lokacin ɗana na fari ne zai yi aure. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san yadda uwa take da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. Tun da aka yaye shi surukata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, "mijina" take ce masa. In ya yi laifi ita ke faɗa, in ya yi abin kirki ita ake yi wa barka. Ni nawa in zuba tuwo in ba ƙanwarsa ta kai masa. In akwai abin da nake son ya ji, sai in faɗa wa tukunya ko akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, da ɗan ƙarfi yadda zai jiyo. Shi ma da ya girma haka ya koya, akuyar nan ta sha saƙo.

Yarinyar da ya gani yana so ɗiyar ƙawata ce ta Kalmalo. Tun muna 'yan mata muke tare da ƙawar nan, lokacin tana kawo busasshen kifi kasuwa tana ajiye kayanta a zauren mahaifina. Daga baya ta yi aure can bakin tafki, mijinta masunci ne in ruwa ya cika, manomin albasa in ruwa ya janye. Da maganar auren ta taso daɗi kamar ya kashe ni, amma ko haƙorina ba wanda ya gani. Aka kai gaisuwa, aka tsayar da biki kafin azumi, wanda a shekarar cikin damina ya faɗo.

Da bazara maigidana ya tayar da ɗakin ƙasa a gefen gida. Ƙasar unguwarmu yashi ya yi mata yawa, yaɓe ba ya daɗewa yake zubewa. Da ƙawata ta ji, sai ga jakuna da mangala cike da baƙar laka daga tsakiyar tafki, inda ruwa ya ƙafe ƙasa ta tsattsage. Manyan dunƙule ne masu tauri kamar dutse. Ta aiko cewa gudummawarta ke nan, ɗiyarta ba za ta zauna ɗakin da bango ke zubo mata a cikin miya ba. Aka jibge yawancin lakar a cikin sabon ɗakin, wanda ba a riga an yi wa rufi ba. Sauran da ba ta sami wuri ba aka tara ta a kusurwar zaure.

Ruwan farko ya zo mana da wuri a shekarar. Da la'asar ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ɗaki kuwa ba rufi, ya tara ruwa kamar kwano. Washegari da hantsi surukata ta dogara sandarta ta je ganin ɓarnar da aka yi. Can sai ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na leƙa. Lakar ta narke ta zama taɓo, kuma ko'ina ka duba dodon koɗi ne. Wasu kamar ƙwan zabo, wasu sun kusa dunƙulen hannun yaro, baƙaƙe masu ɗan ja. Suna tafiya a hankali a kan wani abu kamar harshe, kowane da 'yan ƙahoni masu laushi yana lalube da su. Waɗanda suka fara hawa gindin bango sun bar sawu mai ƙyalli a bayansu. Ga shi tsakaninmu da wani tafki akwai tafiya. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma sai da na ja da baya.

Surukata 'yar gidan fatake ce. Ta san goro, ta san atamfa, ta san canjin sefa tun ba ta kai aure ba, amma ba ta san bakin ruwa ba. Abu ɗaya ta sani game da katantanwa. Tana yarinya an taɓa tono wata a ƙofar shagon mahaifinta, an cusa mata laya an toshe bakin da danƙo, kuma a shekarar ciniki ya tsaya musu cak. Ta taɓa ɗaya daga cikin na ɗakin da bakin sanda. Nan take ya janye jikinsa ciki, ya ja wani murfi ya rufe bakin ruf.

Ta ce, "Kin ga aikin ƙawarki? Abin da ka shiga ɗaki shi ja ƙyaure. Haka suka son yi ma mijina. A mallake shi, shi shiga bai hita, bai ji bai gani."

Kafin azahar magana ta gama gida. Surukata ta yanke cewa ranar kasuwa ƙanen maigidana zai je Kalmalo ya ce an fasa. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce yadda ta ce haka za a yi. Shi ma yaron ɗan fari ne a gare shi, kunyar ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure ni, kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin ya tsallake maganar uwarsa ba. Ni kuwa ba a ma tambaye ni ba. Uwa ta buɗe baki a gaban suruka ta kare auren ɗanta na fari? Ai da labarin ya zaga gidajen biki har in tsufa.

Yaron ya daina cin abinci. Yadda ƙanwarsa ta kai kwano haka take dawo da shi. Wata safiya ya shigo ɗiban ruwan alwala, ya tsaya kusa da akuya yana shafa mata wuya, ya ce, "Ke dai kin huta, ba mai fasa miki komai." Ina tsugune ina wanke-wanke, na ba shi baya. Kwano ɗaya na yi ta cuɗawa har ya fita.

Ni aka sa in kwashe dodon koɗin. Da kun gan ni da kun yi dariya. Na ɗaure hannu da tsumma, na ɗauko tsohon ludayi mai dogon hannu, ba addu'ar da na iya da ban karanta ba, har da ta shiga kasuwa. Na cika tsohuwar roba na kai kududdufin bayan gari na juye. Na tsaya ina jiran in ga ko hayaƙi zai tashi ko wani abu. Ba abin da ya tashi. Sun nutse, jim kaɗan suka buɗe murfinsu suka kama lasar wani ruɓaɓɓen ganye kamar baƙin da suka iso gida. Ɗaya kuma na taka shi bisa kuskure ya fashe. Na duba da kyau, ba laya, ba zare, ba rubutu. Tsoka ce kawai mai santsi, irin ta kowane abu mai rai.

Da na dawo surukata ta ce sauran lakar da ke zaure ma a fitar da ita. Wannan ruwa bai taɓa ta ba, tana nan a bushe. Dunƙulen sun yi mini nauyi, sai na ɗauko taɓarya ina fasawa ina zubawa a kwando. Ina fasa wani babba, sai ga dodon koɗi a tsakiyarsa, kwance a wani ɗan gurbi daidai jikinsa, kamar an gina masa ɗaki. Ya yi fari da ƙura, murfinsa a manne gam. Wasu siraran saiwoyin ciyawa sun ratsa lakar sun zagaye shi, ba wadda ta tsinke sai inda taɓaryata ta bi. Na ce a raina, wannan dai ba hannun mutum ne ya sa shi ba. Amma a ganina matacce ne.

Na kai shi bayan randa na sa a tasa, na zuba ruwa, don kawai in gani. Na yi shara, na ɗora tukunya, na leƙa, yana nan kamar tsakuwa. Na yi sallar azahar na sake leƙawa, sai na ga 'yan kumfa suna fitowa ta gefen murfin. Na tsuguna. A hankali murfin ya ɗaga, ƙaho ɗaya ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Ashe barci yake yi. Ashe duk wanda ya fito a ɗakin amarya barcinsa yake yi a cikin laka, ruwan sama ne ya tashe shi.

To na gane, amma ta wane baki zan faɗa? Ranar kasuwa ta matso. Na kwana da abin na tashi da shi, har dabara ta zo mini.

Surukata tana da wurin zama da hantsi, ƙarƙashin dalbejiya, da tabarmarta da carbinta. Na samo wani mai barcin daga cikin lakar, na bar shi da ɓarin dunƙulensa, na sa a tasa na zuba ruwa, na ajiye ɗan nesa da ƙafarta kamar mantawa na yi. Na ɗauko faifai na zauna gefe ina tsince wake. Ta kalli tasar, ta kalle ni, ta ja ƙafarta. Ba ta ce a ɗauke ba. Carbi yana tafiya, amma idonta yana kan ruwan. Lakar ta narke, abin ya fito fili. Muka daɗe, har inuwa ta gusa na gama waken na sake tsince wanda na riga na tsince. Sai ga kumfa. Sai ga ƙaho.

Ta ce, "Wa ya aje wanga abu nan?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"Don mi?"

"Kallo nake yi."

"Kallo kike ko magana kike?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ban ce komai ba. Ta yi ɗan tsaki, ta ce ai ba ta haihu jiya ba. Mai son yin asiri yana iya kwaɓa laka ya cusa su a ciki ya shanya, wa zai sani? Sai na faɗa wa faifan da ke cinyata cewa tafkin dai yana nan inda yake, kuma na ji masu kawo kifi suna cewa ruwan farko bai kai can ba.

Ranar kasuwa ƙanen maigidana ya shirya zai tafi kai saƙon fasawa, sai ga surukata ta fito da mayafinta da sandarta. Ta ce da ita za a je, kuma ni ma in shiga mota in riƙe mata buta.

Ƙawata ba ta san da zuwanmu ba, ba ta kuma san abin da ake ciki ba. Ta rasa inda za ta sa mu don murna. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura da nono mai kauri ta kawo a ƙwarya. Surukata ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba. Kun dai san abin da ake nufi in babba ya ƙi shan ruwan gida. Gaisuwa kawai ta amsa, ta ce a kai ta inda aka ɗebo laka.

Muka fita, ni da ita da ƙawata, mijin ƙawata yana biye da fartanya a kafaɗa. Tsakiyar tafkin fili ne fetal, baƙar ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, ruwan ya koma can nesa yana ƙyalli. Aka nuna mata ramin da aka haƙa. Ta ce ba nan ba. Ta yi gaba tana dogara sanda, tsohuwar da a gida ko bakin zaure sai an lallaɓa ta take zuwa. Sai da ta kai inda ba sawun kowa sai na shanu, ta caka sandar ta ce, "Nan."

Mijin ƙawata ya sara ya ɓamɓaro dunƙule ya fasa. Ba komai. Ya sake, ba komai. Ni dai ina ta salati a zuci. Ya ce sama ta cika bushewa, sai an ɗan yi ƙasa inda sanyi yake. Ya zurfafa, ya ciro wani mai ɗan danshi, ya buga shi da ƙotar fartanya. Dodon koɗi ya gangaro har gaban takalmin surukata, a rufe ruf. A gefen ramin ga wani, ga kuma wani. Har da tana, ta nannaɗe kanta ta dunƙule kamar ƙullin zare a cikin ɗan gurbinta.

Ƙawata ta ɗauka son sani ne kawai ya kawo tsohuwa, sai ta shiga bayani tana dariya. Ta ce haka suke yi kowace shekara. In ruwa ya fara janyewa sai su nutsa cikin taɓo tun yana da laushi, su ja murfin nan su rufe don kada jikinsu ya bushe, ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Ta ce murfin a bayan ƙafarsu yake manne, shi ya sa in sun shige shi ne na ƙarshe. In damina ta zauna kuma su yi ƙwai farare a bakin ruwa, curi guda kamar an dunƙula gero. Tsuntsaye su ci wasu, agwagi su ci wasu, yara su kwashe ɓawon su yi wasa. Ta ce hatta matsattsaku, mai shan jinin ƙafar masunta, a cikin lakar nan yake fakewa.

Surukata ta ce, "Kamar gaiwa ke nan."

Ƙawata ta ce, "Awo, Inna. Gaiwa ma nan ƙasa take kwana."

Gaiwa kam surukata ta san ta, don ta sha sayen wadda aka haƙo da rani daga busasshiyar ƙasa, kifi da ransa ba ruwa kusa. Na ga fuskarta ta ɗan saki.

A nan ne ƙawata ta tsaya. Ta dubi surukata, ta dubi ƙanen maigidana da ya tsaya can nesa yana wasa da makullin mota, ta dube ni. Dariyar ta bar fuskarta. Ta tambaye ni a hankali ko sun fito a ɗakin ne. Na gyaɗa kai. Ba sai an ƙara mata komai ba, 'yar ƙasar nan ce, ta san abin da aka zata. Na ji tsoron kada ta yi fushi a rasa auren ta ɗaya gefen, kuma da ta yi, ba mai ganin laifinta.

Ta sunkuya ta ɗauki dodon koɗin, ta hure masa ƙura, ta ɗora a tafin hannunta. Ta ce, "Inna, da asiri zan yi muku, ai mai sauri zan aika. Wanga sai shi kwana bai kai bakin ƙohwa ba."

Mijinta ya juya baya yana tari. Surukata ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Ina hurar nan da kika dama? Rana ta yi zahi."

Ta shanye ƙwaryar nan tas, har ta nemi ƙari. Ba ta ba da haƙuri ba, ba a kuma sa ran za ta bayar ba. Da za mu tafi dai ta ce a ƙaro laka, wadda aka kawo ruwa ya cinye, amma wannan karon a jiƙa ta a waje, masu barci su tashi su kama gabansu kafin a yi yaɓe. A mota kuma, muna kusa da gida, ta ce da ƙanen maigidana, ba tare da ta dube ni ba, "Ka ga mai kunya nan. Baki bai yi magana ba, an aiko tasa."

An yi biki kafin azumi kamar yadda aka sa. Ɗakin yana nan har yau, an dai yi masa rufin kwano, jikokina duk a cikinsa aka yi goyonsu. Surukata ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Kafin rasuwarta ba wadda take yarda ta dama mata fura sai matar jikan nata.

Daga baya da na shiga aji na iya karatu, na ga hoton dodon koɗi a littafin jikata, an zana cikinsa, an nuna yana da zuciya, yana da abin numfashi, har da wasu ƙananan haƙora a kan harshe da yake kankarar ganye da su. Na daɗe ina kallo. Halittar da muka kusa raba aure saboda ita, ashe ita ba ta ma san muna yi ba, jiran ruwa kawai take. Abin da na riƙe daga ranar shi ne, in abu ya ba ni tsoro yanzu, kafin in ɗora wa wani, nakan fara sa shi a tasa in zauna in gani. Wani lokaci sai inuwa ta gusa kafin ƙaho ya leƙo, amma yakan leƙo.

Yaran yanzu sun rage irin kunyar nan tamu, ina ganin masu kiran ɗan fari da sunansa har su ci abinci kwano ɗaya, kuma ba na ganin laifinsu. Ni dai haka na saba. Har yau ban kira sunansa ba, ga shi furfura ta fara fito masa. Bai taɓa yi mini maganar abin da ya faru ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Sai dai washegarin dawowarmu daga Kalmalo, kwanon tuwonsa ya dawo a sharce. Da ya shigo ɗiban ruwa ya tsaya wajen akuya, ya gyara mata igiya, ya ce, "In kin ga mai tasa, ki ce mata an gode."

Ina bakin murhu, na ba shi baya kamar kullum. Na ce wa tukunya, "An ji."